Farin Saƙi a Ƙarƙashin Azara

Ɗakin da maiɗakina ta yi jinya a cikinsa soro ne na ƙasa, mahaifina ne ya gina shi tun ina goye. Rufinsa na azara ne, wato tsagin itacen giginya da ake jerawa daga bango zuwa bango, a ɗora ƙasa a bisa, a daɓe ta. A ƙauyukanmu na tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, inda gonar wani take tsayawa a gindin katangar wani, irin waɗannan soraye sun kusa ƙarewa, kowa ya koma bulo da kwano. Ni ban koma ba, ban kuwa taɓa jin kunyar dalilina ba. Ɗakin ƙasa yana riƙe sanyi da bazara, kuma in ana ruwa mutum yana jin maganar wanda ke kusa da shi ba sai an ɗaga murya ba.

Sana'ar gidanmu saƙa ce. Lokacin da nake da ƙarfi, da damina muna gona kamar kowa, da an kai amfani gida kuwa sai in kafa masaƙa a gindin darbejiyar ƙofar gida, in zauna har shuka ta kewayo. Ba yabon kai ba ne in na ce a zamanina ba a yi masaƙin da ya fi ni matse zare a wannan yanki ba. Gwadon da ya fito daga hannuna, ko an ɗaga shi a gaban rana, haske ba ya ratsa shi. Wannan alfahari shi ne ya kusa kashe mini mata.

Shekarar da hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye ɗungum. Harshenta ya yi nauyi, amma hankalinta yana nan daram, haka ma tsiwar da na aure ta da ita. Inna nake ce mata, yadda 'ya'yanmu suke kiranta, ita kuwa Malam take ce mini. Surukarmu, matar babban ɗana da muke gida ɗaya, ita ke yi mata wanka da ba ta abinci, ni kuwa nawa shi ne zama a gefenta. Yini take yi a rigingine bisa gado, idonta a kan azara. Duk wanda ya san soro ya san ba ya rabo da zubar da 'yar ƙasa, mai lafiya ba ya ko kula da ita. Amma Inna sai ƙasar ta faɗa mata a ido, hannu ɗaya gare ta, kafin ta kai shi hawaye ya riga ya gangaro. Ganin haka yana ƙona mini rai ƙwarai.

'Yarmu ta biyu tana aure a birnin Kano, aikinta kuwa ƙawata ɗakunan mutane, da labule da shimfiɗa da abin da ya yi kama da haka. Da ta zo dubiya ta tarar da uwarta tana murzar ido, sai ta ce, "Baba, a bari in turo a sa silin na roba mana."

Na ce, "Roba ba za ta shiga ɗakin ubana ba ina numfashi."

Ta yi dariya ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ai ko a birni yanzu masu hali gudun roba suke yi. Saƙi suke nema, da tabarmar kaba, da rinin baba, abin da in ya tsufa zai koma ƙasa ba tare da ya ɓata ta ba. Akwai falon da muka shimfiɗa wa farin yadi a sama. Da irin saƙinka ne, da sai an yi rububinsa." Sa'an nan ta ƙara da cewa in za a yi, a ɗaure shi da igiya a kusurwoyi, yadda za a iya saukewa a wanke. Farkon maganarta na riƙe, ƙarshenta kuwa na bar shi inda ya faɗi.

Wata uku na yi a masaƙa, alhali na daɗe da ajiye ƙoshiyar saƙa saboda ciwon gwiwa. Audugar gonata ce, tsofaffin mata biyu da suka rage da mazari a unguwarmu suka kaɗa mini ita. Na saƙa ƙyallen fari sol, falle-falle, kowane falle faɗin tafin hannu, da siririn layin baba a tsakiyarsa, domin ta sami abin bi da ido. Na haɗa su da allura da hannuna. Da aka zo ɗaurawa na ƙi igiya, domin igiya tana barin ƙyalle ya yi ciki, ni kuwa ba na son a shigo a ga aikina ya saki. Na sa ɗana ya kewaye bango da tsagin gora, muka ja farin muka buga masa ƙusa kusa da kusa, har ya miƙe kamar fatar ganga. Ba a ganin ko tsinken azara. Inna ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Malam, sai da na shanye ka tuna da yi mini kayan ɗaki?" Ranar na ci tuwo da daɗi.

Ina da taubashi magini, ɗan ƙanwar mahaifina, shi ke duba mana soraye tun bayan rasuwar tsofaffi. Ya zo gaishe ta, ya ɗaga kai, ya tsaya cak.

"Kai masaƙi, ɗakin ne ya mutu ka yi masa likkafani?"

Na ce, "Mugun bakinka ya bi ka."

"Ina azarar?"

"Tana inda ubana ya ajiye ta."

"To ta ina za ka riƙa ganinta? Ko ta yi maka alkawarin za ta aiko in ta gaji?"

Gaskiya gare shi, na kuwa san haka tun a lokacin. Mai soro ba ya fita da safe sai ya ɗaga kai ya dubi rufinsa. In damina ta gabato yakan bi azara ɗaya-ɗaya da sanda yana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta cinye cikinta kuwa sai ta yi amo irin na ƙwarya. Haka na ga mahaifina yana yi, haka ni ma na yi shekara da shekaru.

Ya ce, "Sakar mini kusurwa guda, in riƙa leƙawa."

Na ce, "Da wannan hannun naka mai laka? Je ka wanke shi shekara guda ka dawo."

Ya yi dariya, Inna ma ta yi da rabin bakinta. Amma da zai fita bai ƙara tsokanata ba, ya dai sake ɗaga kai ya duba.

Damina ta farko ta wuce lafiya. Mata suna shigowa dubiya suna ɗaga kai suna yabawa, ni kuwa ina zaure ina jin su. A ta biyu ne na fara jin wani motsi. Bayan azahar ne, gida ya yi tsit, ina zaune bisa buzu a gefen gadonta, sai na ji wani abu yana sauka a kan farin, a hankali, kamar ana barbaɗa gero a faifai. Ya tsaya, ya sake. Na san ƙasar da ke zuba haka ba iska ce ke zubar da ita ba. Inna ta ce, "Mene ne wancan?" Na ce ƙadangaru ne.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Tsakiyar farin ta fara yin ciki, daidai saman ƙafafunta. Layukan baba da na ja su sambal suka soma lanƙwasa. In na ga ta rufe ido sai in miƙe in ɗaga hannu in auna. Da farko yatsana ba ya kaiwa. Bayan mako biyu ya taɓa. Bayan wani makon na ɗora tafina gaba ɗaya, na ji nauyi da danshi a bayansa kamar na dafa cikin saniya. Na janye hannun da sauri. Ina salla tunanina yana can. In an ajiye mini abinci sai in ture shi gefe. Ko taɓarya ta faɗi a maƙwabta sai in zabura in nufi ɗakin.

Maganin abin kuwa a bayyane yake, a cire ƙusoshi a duba. Sau biyu na je ƙofar taubashina. Na farko na same shi da mutane, muka gaisa, ya ce, "Yaya likkafani?" Aka yi dariya, ni ma na yi, na juyo. Na biyu ban ko yi sallama ba. Na so in mayar da Inna wani ɗaki, amma sai an tambaye ni dalili. Maimakon haka sai na sa ɗana ya hau bisa ya duba. Ya ce akwai wurin da ya lotsa a tsakiya, na ce ya cike shi da ƙasa ya daɓe. Na ƙara wa azarar da ta gaji kaya ke nan, da bakina, kuma ina sane. Na dai riƙa gaya wa raina cewa kaka ta kusa, da ruwa ya ɗauke zan sauke farin a ce wanki za a yi masa, ba wanda zai san dalili.

Sai marka ta kama. Kwana uku ana ruwa, ya tsagaita ya dawo. Rana ta huɗu ta zo daidai da ranar kasuwa, gari ya ɗan washe da hantsi. Ɗana ya tafi da awaki, surukarmu kuwa ta ba Inna kunu ta tafi barkar haihuwa a ƙarshen gari, ta ce yanzu za ta dawo. Kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece kamar ba a taɓa yi ba. Ya tsare ni a zaure, inda na je kawar da zare daga bakin ƙofa. Ina tsaye ina kallon tsakar gida, sai idona ya kai kan indararo. Na zaure yana kwarara, na ɗakin girki yana kwarara, kowanne da ƙarfinsa. Na ɗakin Inna kuwa ɗigo yake yi, ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan da ya sauka a kan rufi, in bai fito ta indararo ba, to yana nan kwance a bisa, ko kuwa ya shige cikin ƙasar. Na ɗaga murya na kira maƙwabta, ruwan ya haɗiye ta, ni kaina ban ji ta sosai ba. Na tsallaka tsakar gidan, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na bar shi.

Da na ɗaga asabari na shiga, farin ya koma launin kunun kanwa. Ya sauko har sai da na sunkuyar da kai. Ruwa mai laka yana ɗiga a kan zanen da ta rufa da shi, ita kuwa idonta biyu, tana kallon sama.

Ta ce, "Malam, ƙadangarun nan naka sun yi ƙiba."

A daidai lokacin ƙusa guda ta fizge daga bango ta bugi langar da ke ƙasa. Bakin farin ya buɗe a wannan kusurwa, na hango abin da na rufe wa kaina shekara biyu. Azara uku sun karye a tsakiya, cikinsu ya zama kamar dusa, sun sunkuyo da ƙasar rufin gaba ɗaya. Ba abin da ke tsakaninta da wannan kaya sai zare da ƙusa.

Na sa hannuwa ƙarƙashinta in ɗaga ta, na kasa. Wanda ɓarin jikinsa ya mutu nauyinsa ninkuwa yake yi, ni kuwa na haura saba'in. Na jawo tabarma gindin gado, na kama zanen gadon na ja, ta zamo ta faɗo a kan cinyata, ta yi ƙara.

"Yi haƙuri, Inna, yi haƙuri."

"Ja, Malam. Bar haƙurin sai mun fita."

Na kama bakin tabarma ina ja da baya a durƙushe. Tsakanin gadon da ƙofa bai fi taku biyar ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisa kamarta ba. Ƙusa ta biyu ta fita, ta uku ta bi ta. Sama da kaina wani abu yana kuka a hankali kamar tsohon ƙyaure. Na hana idona ɗagawa, domin na san in na duba ba zan ƙara motsi ba.

Muka iso dokin ƙofa. Mahaifina ya gina shi da tudu, ya kai rabin ƙwauri, don ya hana ruwa shiga, na kuwa sha yabonsa a kan haka. Nan tabarma ta tsaya. Na tsallaka waje na ja da iyakar ƙarfina, sai bakinta ya tsinke a hannuna, na faɗi da baya a cikin ruwa. Na ɗago, ga ni a waje, ga ta a ciki, kanta a jingine da dokin ƙofa, farin yana lilo a samanta.

Ta ce, "Tsaya nan. Kada ka dawo."

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne jikina ya karɓi maganarta. Na yi numfashi biyu ko uku a zaune cikin taɓo, wani ɓangare nawa yana murna da yana waje. Allah ne kaɗai ya san tsawon wannan zama. Sai na ji ta fara kalmar shahada da harshenta mai nauyi, tana tuntuɓe a kan haruffa, tana sake farawa. Wannan ne ya tashe ni.

Na rarrafa na koma. Na kwanta rubda ciki a gefenta na ce, "Kama wuyana da hannunki mai lafiya." Ta kama har numfashina ya sarƙe. Na jawo mataccen hannun na cije hannun rigarta da haƙora don kada ya zame, na mirgino ta bisa bayana. Na ɗora ƙirjina a kan dokin ƙofa na ja jiki. Kaina ya fita, kafaɗuna suka fita, sai muka tsaya. Ƙafarta ta hagu ta maƙale a gefen ƙofar, ita kuwa ba ta ji, ba ta san ta maƙale ba. A bayanmu ƙusoshi suka fara fita a jere kamar ana fasa gyaɗa. Na miƙa hannu baya ina lalube, na kama idon sawunta na fizge shi, ban damu ko ya karye ba. Muka gangara cikin taɓo tare. Ban tsaya ba, na ci gaba da jan ciki, bakina cike da laka da ƙyalle, har goshina ya bugi turmi.

Ban ga faɗuwar rufin ba, a cikina na ji ta. Ƙasa ta girgiza sau ɗaya, iska mai warin tsohuwar laka ta fito ta ƙofar ta buge mu. Na daɗe ban yarda in juya ba. Hannunta yana wuyana, ina jin numfashinta a kunnena, ina ƙirga shi.

Ƙarar ce ta fito da maƙwabta. Suka ɗauke ta daga bayana da ƙyar, domin ta ƙi saki, suka kai ta ɗakin surukarmu. Idon sawun ya gurɗe, ƙwaurinta ya sale, ba wani abu bayan haka. Kafin la'asar taubashina ya iso a jiƙe. Ya leƙa ɗakin, gadon ya nutse a ƙarƙashin ƙasa, ba a ganin ko ƙafarsa. Ya ɗauko guntun azara ya murza ta tsakanin yatsunsa, ta zube. Na tsaya ina jiran ya yi mini ba'a, na kuwa so ya yi. Bai yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Je ka sauya riga, Yaya, kana rawar ɗari." Tun muna yara bai taɓa ce mini Yaya ba.

Washegari da hantsi na shiga wurinta. Ɗakin na bulo ne da kwano, an kwantar da ita bisa katifa, an ɗaure mata ƙafar. Da surukarmu ta fita na zauna, na daɗe ina shirya kalmomi, sa'an nan na ce mata ba ƙadangaru ba ne, na sani tun ranar farko.

Ta ce, "Ni da nake kwance ƙarƙashinsa dare da rana, kana zaton ban sani ba? Layukan nan naka na haddace su. Ranar da na farko ya karkace na gani."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa? Ko ga yaron nan, ko ga matarsa?"

"Wata uku ka yi kana saƙa shi da gwiwa mai ciwo. In na faɗa, a bakin mata za ka ji." Ta tsaya ta haɗiye yawu, domin doguwar magana tana wahalar da ita. "Kuma ina ganinka kana miƙa hannu kana aunawa, kana zaton barci nake yi. Sai in ce, tunda ya gani, gobe zai kira magini. Kullum sai in ce gobe. In kun fita kun bar ni, Malam, ba na ko tari, don kada ya faɗo."

Ni tsorona ina da ƙafafun da zan fita da shi zaure, in je masallaci, in je gona. Ita nata a kwance ta ci shi, fiye da wata guda, ba ta iya ko gusawa taƙi ɗaya. Na sunkuyar da kai ina kallon hannuwana, sun kumbura, laka tana nan a ƙarƙashin farce.

Can sai yayyafi ya soma sauka a kan kwano. Na ga idonta ya tafi sama, hannunta mai lafiya ya damƙe bakin katifa.

Ta ce, "Juya ni in fuskanci bango."

Na durƙusa na sa hannu a kafaɗarta da ƙugunta na juya ta a hankali, na tokare mata baya da matashi. Na zauna na jingina da ita yadda za ta ji ina nan, har ruwan ya ɗauke.